Dogaran Tsakar Gida

Yaranmu a nan Sabon Ibadan aka haife su. Yarabanci ya fi zama a bakinsu, hawan Sallah kuwa sai dai su gani a waya. Shi ya sa da azumi ya raba tsakiya muka roƙo ƙyallaye wurin telan layinmu, muka kakkaɓe tsohon keken Inna. Ja da kore muka haɗa wa dogarai, labule ya zama alkyabba, mayafi ya koma rawani. Ɗinkin dai sai a hankali, wani hannun ya fi wani tsawo. Amma ran Sallah, da auta ya yi wa yayansa jinjina ya ce "Ranka ya daɗe," sai da Inna ta share ƙwalla. Shekara 12 rabonta da Kano.