Wa Zai Rubuta Faten Tsaki?



Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a labaran da muke rubutawa. Da zarar an zo wurin cin abinci, sai mu kwashi mutanenmu mu kai su gidan da ba mu taɓa kwana a cikinsa ba. Tauraruwar labari ta shiga kicin, ta fito da farfesun kaji, soyayyen dankalin turawa da ƙwai, da lemo kala uku. Idan kuwa ka ga an ambaci fate ko dambu ko ɗanwake, to an zo babin talauci ne, ko kuma kishiyar uwa ce take gana wa marainiya azaba.

Ni 'yar Rano ce, mahaifiyata 'yar Kibiya. A gidanmu abincin daren da ya fi tara mu wuri ɗaya shi ne faten tsaki, wanda babu ko tsoka ɗaya a cikinsa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama ya yi wa tukwane da yawa nisa. A da Baba kan shigo da ƙunshin nama duk Juma'a. Yanzu sai ƙarshen wata, wani lokacin ma sai Sallah. Mu tara ne a gidan, kuma babu wanda ya tara mu ya yi mana bayanin wannan sauyi. Inna ce ta ɗauke shi, domin ita ce kullum take amsa tambayar me za a ci da dare.

Ga yadda take yi. Tun bayan azahar za ta tsince wake gwangwani biyu ta jiƙa. Tsakin masara gwangwani huɗu, sai ta tankaɗe shi ta fitar da garin, domin in aka bar gari fate yakan koma kunu. Ta wanke, ta rege saboda tsakuwa. Da la'asar ta ɗora waken, sai ya ɗauko nuna sannan ta zuba jajjagen tattasai da attaruhu da albasa, da manja, da daddawar kalwa wadda ta daka da ɗan citta. Kabewa na biye, a yanka manya-manya don ta narke ta ba romon kauri. Gyaɗa kuwa ɗanya ake dakawa sama-sama, yadda haƙori zai riƙa cin karo da ita. Tsakin ba a juye shi gaba ɗaya; barbaɗa shi take yi tana juyawa da muciya, in ba haka ba ya yi gudaji. Rama tana da tata tukunyar, a tafasa a zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu. Ita ce ta ƙarshe, tare da ɗanyar albasa. Sai a janye itace, a bar garwashi ya ƙarasa aikin.

Wanda bai sani ba zai ce haɗe-haɗe ne kawai. Amma kowane abu da aikinsa. Wake ne ya tsaya a gurbin nama, daddawa ta kawo ɗanɗanon da romon ƙashi yake bayarwa, gyaɗa ta kawo maiƙo. Sai da na je karatun difloma na ji a bakin malamai cewa hatsi da wake idan suka haɗu, abin da ɗaya ya rasa na sinadarin gina jiki ɗayan yana cike shi. Inna ba ta taɓa jin wannan darasi ba, amma shekara da shekaru tana aiki da shi.

Wata rana ƙanina, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya zo da abokinsa daidai lokacin da ake rabo. Sai na ji ya leƙa madafa yana raɗa: “Inna, don Allah kar a kawo yanzu, bari ya tafi.” Inna ta dube shi ta ce, “Auta, sata na yi?” Ta cika kwano ta miƙa masa, ta ce ya kai wa baƙonsa. Yaron nan ya cinye har da neman ƙari. Amma maganar ƙanina ta tsaya mini a rai. Babu wanda ya taɓa ce masa fate abin kunya ne. A fina-finai da labaran waya ya tsinci hakan, kuma cikin masu rubuta su har da mu.

Abin mamakin shi ne, duk kayan tukunyar nan ƙasarmu ce take bayar da su. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa da mu, ita ce take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman tumatir da albasa. Rama da yakuwa a bayan gida suke fitowa da damina. Itacen ɗorawa yana tsaye a gonaki, daga kalwarsa ake yin daddawa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken da muke ci. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Mu duba Ingila. Suna da wani abinci da suke kira cottage pie: niƙaƙƙen nama da kayan lambu a ƙasa, dakakken dankalin turawa a sama, a gasa a tanda. Sunan ma daga ƙananan gidajen talakawan karkara ya samo asali, dabara ce ta kada ragowar nama ta lalace. Masu ƙin cin nama sukan sa wani irin ƙananan wake a madadinsa. Yau yana cikin littattafan girkinsu da gidajen abincinsu, ba su ɓoye shi. Mu kuwa namu muna tura shi bayan ƙyaure idan an yi sallama.

Ba cewa nake talauci abin ado ba ne. Ina son ranar da Baba zai dawo da ƙunshinsa na Juma'a, kuma babu laifi marubuci ya rubuta gidan masu hali. Abin da nake cewa shi ne, labarin da muke nema yana cikin tukunyar da muke gudu. Uwa tana rabo ta rage nata ba tare da kowa ya lura ba. Uba ya ci ya ce “Allah Ya yi albarka” da muryar da ta fi ta kullum sanyi. Yara suna rigima a kan ƙanzo. Wane teburin kaji ne zai ba ka wannan?

Saboda haka ga shawarata ga duk mai labari a hannu. Idan ka zo wurin cin abinci, ka rubuta abin da aka ci a gidanku jiya da dare. Ka faɗi wanda ya dafa, da me ya dafa, da wanda aka fara zuba wa. Wataƙila wani yaro a Rurum ko Saya-Saya ya karanta, ya ga kwanon gidansu a cikin littafi, ya daina raɗa a ƙofar madafa.

Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya yalwata mana arzikin ƙasarmu.