Sa ɗaya, laftof ɗaya

Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu suna bugowa su ji ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Lissafi ne ya sha mini kai. Tunda na san a cikinku akwai iyayen da yaransu suka samu jami'a bana, na ce bari in ba ku labarin yadda muka ƙare a gidana. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

'Yar wajena, ta fari, wadda al'ada ta hana ni kama sunanta, ta samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, za ta karanta kimiyyar kwamfuta. Murna dai an yi ta, har da dafa kaza. Bayan mako guda, ina zaune a tabarma bayan isha'i, sai ga ta da takarda ta durƙusa. Katifa, bokiti, risho, su garin kwaki, duk na san da su. Amma a saman takardar, da jan biro, an rubuta laftof. A gabanta kuma an ƙara: MacBook.

Na ce, "Wannan ta ƙarshen mece ce?" Ta ce, "Baba, ita ce ta aikina."

Aikin nata sai na yi muku bayani, don ni kaina na daɗe ban ɗauke shi aiki ba. Tun tana aji biyar na sakandare take haɗa katin gayyata a wayar mamanta: na ɗaurin aure, na suna, na saukar Alƙur'ani. Da Canva take yi, bidiyon biki kuma ta yanka shi da CapCut. Yawancin katunan walimar da suka zaga wayoyin mutanen Sule Tankarkar a 'yan watannin nan, har wasu na Gumel, daga tsakar gidana suka fita, a kan naira 1,500 ko 2,000. Ni kuwa duk lokacin da na gan ta a kai, abin da nake cewa shi ne, a ajiye wasan wayar nan a ɗauki littafi. A daren nan ta buɗe wani gwangwanin madara ta zazzage shi a gabana. Naira 86,000. Wallahi kunya ta kama ni, amma ban nuna ba.

Washegari na kira ƙanina da ke Kano ya tambayo mini farashi. Da ya faɗa, sai da na sa ya maimaita. Sabuwar MacBook ta haura miliyan ɗaya da nisa. Ko ta hannu, tokumbo, samfurin 2020, ana maganar 750,000. Ba laifin 'yan kasuwa ba ne. Babu laftof ɗin da ba da dala aka shigo da ita ko kayan haɗa ta ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000, Jigawa ma ta bi, mun gode. To amma ku raba 750,000 da 70,000 ku gani: kusan albashin wata 11 na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Ni da na ɗan yi gaba a aiki ma, albashina ba ya ganin ƙarshen wata sai da taimakon gona. Bashin ɗalibai na NELFUND kuwa kuɗin makaranta yake biya kai tsaye, sai naira 20,000 na kashewa a wata. Babu kwamfuta a ciki.

Don haka na yanke hukunci ni kaɗai, irin na maigida. Za a sayi sabuwa dal a kwali, mafi araha, wajen 290,000. Hujjata ita ce, mu da muka yi Jami'ar Bayero a farkon shekarun 2000, da biro da takarda muka gama. Furojet ɗina a shagon masu buga takardu aka buga shi, ana caji na kowane shafi, na adana shi a fulofi ɗin da ya mutu kafin in tafi bautar ƙasa. A lokacin ana ta labarin makarantar kwamfuta da Saminu Turaki ya buɗe a Kazaure, muna ganin abin kamar na wata duniya. Ba ga shi mun zama mutane ba?

Uwargida ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, irin wadda ka sayo shekara huɗu da suka wuce? Wadda kake kunnawa ka tafi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba?" Nan bakina ya mutu. Tana nan a saman durowa, an lulluɓe ta da ɗankwali. Araha ba ta ado, na sani, kawai dai ban so a tuna mini a gaban yara ba.

Sai maganar inda kuɗin za su fito. Ina da sa guda da na yi wata tara ina turka. Niyyata in sayar da shi in yi rufin ɗakin samari da damina ta cinye, saura in ajiye na takin baɗi. Riɗin bana bai yi abin kirki ba. Ranar Alhamis na kai shi kasuwar Maigatari, bayan dogon ciniki da la'adar dillali na riƙo 780,000. Kun ga lissafin da kanku. Idan MacBook ce, san ya tafi ɗungurungum, babu rufi babu taki, ga ƙannenta biyar a baya suna jiran kuɗin zango.

Ranar Asabar muka yi sammako ni da ita, ta Gumel da Gujungu da Gezawa, muka shiga Kano. Ƙanina ya kai mu titin Beirut wajen wani abokinsa mai sayarwa da gyara. Yaron ba zai wuce shekara 30 ba, amma ya koya mini abin da digirina bai koya mini ba. Bai tambaye ni nawa na zo da shi ba. Ita ya tambaya, "Ƙanwata, me za ki riƙa yi da ita?" Da ta faɗa masa, sai ya jera guda uku a kan tebur: sabuwar da nake so, MacBook Air ɗin da take so, da wata HP EliteBook 840 G6 ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke amfani da su 'yan shekaru su sallamar.

Ya ce, "Alhaji, kwali ba ya aiki. Abu uku za ka duba." Inji, wato furosesa. RAM, wanda ya kwatanta da faɗin tabarmar da kake shanya aiki a kai: in ta yi ƙanƙanta, sai ka naɗe wannan kafin ka baza wancan. Sai ma'ajiya, ko SSD ce mai sauri ko kuwa. Tawa sabuwar, ƙaramin inji ne da ita da ake kira Celeron, RAM gig 4. Ya ce don buga wasiƙa da kallon darasi ba ta da laifi, kuma yana sayar da su ga waɗanda iyakar buƙatarsu ke nan. EliteBook ɗin kuwa Core i5 ce, RAM gig 16, kuma ana iya buɗe ta a ƙara ko a canja.

Ya ce ta kawo aikinta a gwada. Ta ɗauko bidiyon wani biki na minti shida daga filashi. A tawa, bidiyon ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar motar da ta sha gurɓataccen mai, da ta ɗora rubutu a kai sai komai ya daskare. Ba wanda ya ce da ni uffan. Ni da kaina na tura ta gefe. EliteBook ta yi aikin, fankarta na huci, ta fitar da shi cikin 'yan mintuna. MacBook kuwa, gaskiya ɗaya ce, ta riga ta gamawa, ba ƙara ba zafi, don ita ko fanka ba ta da ita. Na kalli fuskar yarinyar nan lokacin. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu haka ba.

Kafin in ci gaba, ga wani abu da ya ja mini kunne a kai, ku ma ku riƙe. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar injin Intel da bai kai zubi na 8 ba. Kasuwa cike take da tsofaffin tokumbo 'yan zubi na 4 da na 6, fes da su, da lambar Core i7 a manne, ga araha. Za su yi aiki, amma yaron da zai yi shekara huɗu da ita an bar shi a baya tun ranar farko. Ganewa ba wuya: a duba lambar da ke bin i5 ko i7 ɗin. Tamu 8365 ce, takwas ɗin farko shi ne zubin. In ka ga ta fara da 4, 5, 6 ko 7, ka san abin da kake saya.

To, sai hukunci. Na fita waje na tsaya a bakin titi ni kaɗai. Abin da ya fi ja na zuwa MacBook ba ƙyalli ba ne, batir ne. Kamfanin ya ce tana iya kai awa 18, ko rabin haka ta yi ai ta gama mana komai, mu da muka san yadda wuta take a garuruwanmu. EliteBook ɗin, mai shagon bai ɓoye ba, awa uku zuwa huɗu. A ɗaya gefen, wannan MacBook ɗin RAM gig 8 ce, a like take, ba a ƙarawa har abada. In sikirin ya fashe, kuɗin gyaransa ya kusa sayen wata kwamfutar, kuma ba kowane mai gyara ke taɓa ta ba. EliteBook ko a Dutse za a samu mai buɗe ta, batir da caja duk suna kasuwa. Masu shagunan ɗab'i da za ta riƙa kai wa aiki, CorelDRAW suke amfani da shi a kan Windows. Sannan ga abin da ban faɗa mata ba: ɗan wani abokin aikina, a wata makarantar daban, sati uku da zuwansa aka ɗauke tasa a ɗakin kwana yana masallaci. In aka ɗauke ta 380,000 zan yi jinya in tashi. In aka ɗauke sa guda, ban san me zan ce wa sauran yaran ba.

Na koma na ce a ba mu EliteBook. 380,000, da jaka da linzami. Ta miƙo gwangwaninta, na ce ta mayar, jarinta ne. Ta ce, "Na gode, Baba, Allah Ya ƙara buɗi." Da ladabi ta faɗa, babu ɓacin fuska. Amma daga Kano har Gujungu ba ta ƙara cewa komai ba, tana rungume da jakar tana kallon taga. Da ma ta yi mini gardama, da ya fi mini sauƙi.

Har yanzu ban gama da abin a raina ba. Wani lokaci ina ganin na yi daidai, uba ne ni na mutum shida ba na mutum ɗaya ba. Wani lokaci kuma sai in tuna shekara biyu da na yi ina kiran sana'arta wasa, in ce anya ba wannan rainin ne ya bi ni har cikin shagon ba? Da namiji ne ya zo mini da gwangwanin kuɗin da ya tara da hannunsa, ya ce ga injin da sana'arsa ke buƙata, da zan tsaya dogon lissafi haka? Na tambayi kaina, kuma amsar da na samu ba ta yi mini daɗi sosai ba. Abin da na iya yi shi ne alkawari, a gaban mamanta: duk ranar da ta tara rabin kuɗin waccan da aikinta, ni zan cika rabin, wannan kuma ta sauka ga mai bi mata.

Yau sati biyar da tafiyarta. Ta ce kwamfutar ba ta ba ta matsala, sai dai kullum tana farautar soket a ajin lakca, kuma masu neman takara sun fara kawo mata aikin fosta tun yanzu. Ɗakin samari an rufa rabi, kwanon bai isa ba. Takin baɗi kuwa sai yadda Allah Ya yi.

Alhamis ɗin da ta wuce na koma Maigatari da ɗan abin da ya rage, na sayo maraƙi, ramamme, ƙafafu kamar sandar makiyayi. Mai bi mata, wanda ke aji biyar yanzu, shi ya karɓi igiyar a ƙofar gida. Ya zaga shi sau biyu yana dubawa, ya ɗago ya ce, "Baba, wannan ai ko Celeron bai kai ba." Tun ranar kuma shi ke tashi da asuba yana ba shi dusa, ba wanda ya sa shi.