Birnin da aka raɗa wa burodi sunan talaka

Can kudancin Amurka, kusa da inda kogin Misisipi yake zuba cikin teku, akwai wani birni da ake kira Niyu Orliyans. Faransawa suka kafa shi a shekarar 1718, kuma a 1803 suka sayar wa Amurka da ƙasar duka. Sun tafi, amma sun bar burodinsu, dogon nan irin wanda ake sayarwa tashar mota a Maraɗi ko Damagaram. Garin yana da zafi da ruwa da sauro. Mutanensa suna son kuɓewa, wadda ta zo musu daga Afirka.

Baƙon da ya sauka garin, abincin da za a fara nuna mishi shi ne burodi tsagagge da aka cika da naman sa da romo, ko soyayyen kifi, ko jatan lande, a sa salati da tumatir. Sunansa po-boi, watau ɗan talaka. Ga mafarin sunan, yadda mutanen garin suke faɗi.

Cikin birnin akwai ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, suna ɗaukar mutane unguwa zuwa unguwa. A watan Yuli na 1929 ma'aikatan jiragen, mutum fiye da dubu, suka shiga yajin aiki. Ba aiki, ba albashi, ga iyali. To, akwai wasu ƴan'uwa biyu, Beni da Kulobis Martin, masu gidan abinci bakin kasuwa. Su ma da can aikin jirgin nan suka yi, sun san wahalarsa. Sai suka yi alkawari: duk mai yajin da ya zo, zai ci kyauta har yajin ya ƙare. In sun hango ɗaya tafe, sai su ce da juna, ga wani ɗan talaka nan kuma.

Ciyar da mutane da yawa haka sai da dabara. Burodin Faransa yana da tsini baki biyu, wanda ya samu bakin an ƙware shi. Suka shirya da wani mai gashin burodi, Jon Gendusa, ya riƙa yi musu mai tsawon kusan mita ɗaya, faɗinsa daidai tun daga farko har ƙarshe. Ko'ina aka yanka, rabon kowa ɗaya.

Masana tarihi sun nuna tun kafin 1929 ana cika burodi da nama ko kifi a garin. Sunan ne ya bazu bayan yajin. Ma'aikatan kuwa ba su samu abin da suka nema ba, da yawansu sun rasa aikinsu. Jiragen suna nan suna yawo har yau, po-boi kuma mai kuɗi da talaka duka layi ɗaya suke bi su saya.