Ranar Da Na Ƙi Cin Abincin Gwaggo A Kumasi

Mai karatu, ban sani ba ko kai ma irin mu ne, masu cika jaka da guzuri kamar za su ƙasar da ba a ɗora tukunya. In haka ne, to gyara zama ka ji abin da ya same ni a ƙasar Gana a shekarar 2015, wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ni mutumin Kutama ne a ƙaramar hukumar Gwarzo. Kakan mu ɗan kasuwar goro ne, ya yi zama mai tsawo a Zangon Kumasi, can ya haifi mahaifi na da ƙanwar sa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kaka ya tattaro iyalin sa ya dawo Kutama, amma Gwaggo ba ta biyo su ba, domin ba a daɗe da ɗaura mata aure da wani haifaffen can ba. Tun daga ranar ita da Baba ba su sake haɗa ido ba, sai wasiƙa, sai kaset, daga baya kuma waya. Da tsufa ya kama shi, idon sa ya yi rauni, sai ya kira ni ya ce, "Tunda ƙafa ta ta gaza, taka ita ce tawa. Je ka ka gano mani 'yar'uwa ta."

Inna kuwa da ta ji, sai hankalin ta ya tashi. Ta ji labarin wai mutanen kurmi har dodon koɗi da ƙaguwa su ke ci. Ta ɗaure mani garin rogo, ƙuli-ƙuli, dambun nama da yaji, ta kuma ja mani kunne da kada in sa hannu a abin da ban sani ba. Haka na bi mota ta Legas, Kwatano, Lome, na tsallaka iyakar Aflawo zuwa Ankara, sannan Kumasi. Duk tashar da aka tsaya fasinjoji su na sayen abinci mai tururi, ni kuwa ina gefe ina jiƙa gari kamar mai zaman makoki.

Na iske Gwaggo a unguwar Aboabo. Da ta gan ni sai ta fashe da kuka, ta na cewa, "Baba na! Baba na ne ya dawo!" domin sunan mahaifin ta aka sa mani. Da yamma aka kawo mani ƙwarya guda ta fufu, wato rogo da agade da aka dafa aka kirɓa a turmi, ya na zaune a tsakiyar miya ja mai ruwa-ruwa. Na dube shi, na tuna maganar Inna, sai na ce ciki na ke ciwo saboda wahalar hanya. Ba ta ce komai ba, ta sa aka ɗauke.

Can cikin dare yunwa ta taso ni, na buɗe jaka na jiƙa gari. Ina cikin sha sai ga Gwaggo da fitila, ta zo kawo mani jiƙon maganin ciki. Ta dubi kwanon, ta dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ta ajiye jiƙon ta ce, "Baba na, shekara 46 ina dafa wa mutane abinci a garin nan, ban taɓa zuba wa jinin gidan mu ba. Yau da kai na na riƙe taɓarya, yara su na hana ni. Kazar da ke cikin miyar nan, ɗa na ne ya yanka ta da bisimilla. Amma ba laifin ka ba ne." Ta juya ta fita. Ranar ban runtsa ba.

Da asuba, bayan mun fito masallaci, ɗan ta ya ja hannu na ya ce mu je in ga gari. A bakin titi mu ka fara tsayawa wajen wata mai koko. Jama'a ne a layi, Musulmi da Kirista, masu zuwa ofis da 'yan makaranta, kowa na cewa a ba shi "Hausa koko" da "kose". Na kurɓa, sai na ji kokon gero ne mai citta da kanumfari da barkono, ƙosan ma ƙosai ne, sai dai yajin su ya ɗara namu. Gaba kaɗan ga mai "wakye", abincin da Gana ke alfahari da shi. Ashe sunan ma daga waken mu ya samo asali. Shinkafa da wake ce, a zuba a ganye, a ɗora taliya, gari, ƙwai, ganda da wani baƙin yaji mai mai da su ke kira shito. Na tambayi abin da ya sa ta yi ja haka, matar ta ɗago wani busasshen ganye ta nuna mani. Kai jama'a! Karan dafi ne, wanda mu ke gani a gonakin mu na Gwarzo da Kabo, wanda ake rina fata da shi, mata kuma su jiƙa don ƙarin jini.

A babbar kasuwar Kejetia na ga daddawa ana kiran ta dawadawa, na ga fura, na ga masu tsire da su ke kira cicinga, kuma akasarin su da Hausa su ke magana. Tuwon da mutanen arewacin ƙasar ke ci da miyar lalo sunan sa "tuwo zafi". Wani dattijo mai sayar da goro ya ce mani wannan duk sawun fatake ne, waɗanda su ka riƙa zuwa Gwanja sayen goro tun kafin Turawa, su na sauka a Salaga, daga baya kasuwa ta koma Kumasi. Da ya ji daga Kano na ke, sai ya yi mani ta'aziyyar Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya ce a gidan sa yara sun yi kuka kamar ɗan'uwan su. Hausar su dai ba ruwan ta da bambanta mace da namiji, ko tsohuwa ce sai ka ji an ce "ya zo".

Kada mai karatu ya ɗauka cewa na yi duk abin da aka miƙo maka ka haɗiye. Da azahar mun shiga wani ɗakin cin abinci inda ake dafa naman daji, na tambayi wanda ya yanka, ba a ba ni amsa mai gamsarwa ba, sai na ce a kawo mani banku da gasasshiyar karfasa. Ba wanda ya ji haushi. A nan na gane kuskure na na jiya: tambaya ya kamata in yi, sai na yanke hukunci na kuma rufe shi da ƙarya.

Da mu ka koma gida na durƙusa gaban Gwaggo na ce, "Gwaggo, ki yafe mani. Ko da sauran na jiya?" Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce fufu ba ya kwana kamar tuwo. Aka sake ɗauko turmi. Ta zauna a gaba na ta na koya mani: a yanko da yatsu, a tsoma a miya, a haɗiye ba tauna. Lomar farko ta tsaya mani a maƙoshi, yara su na ta ƙyalƙyala dariya. Kafin in cika kwana goma kuwa har ƙari na ke nema. Garin Inna da ƙuli-ƙulin kuma jikokin ta ne su ka wawashe, wai tsarabar Nijeriya.

Da na dawo Kutama, Baba bai tambaye ni girman gidan ta ko yawan 'ya'yan ta ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ka ci abincin hannun ta?" Na ce na ci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na ci ke nan." Kwalbar shito da ta aiko masa, a ƙarƙashin gadon sa ya ɓoye ta, ya na lasa kaɗan-kaɗan duk da likita ya hana shi yaji. Inna ma da ta ɗanɗana cewa ta yi ashe mutanen nan sun iya.

Baba ya rasu bayan shekara biyu, Gwaggo ta bi shi ba da jimawa ba. Na kan tambayi kai na, da a ce na dawo da ƙaryar ciwon cikin nan, me zan faɗa masa ranar? Allah ya jiƙan su, ya sa Aljanna ce mahaɗar su, amin.