Na Baya Ba Labari Ba Ne

Masu iya magana sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Haka abin yake a kasuwa, haka yake a ma'aikata, haka kuma yake a filin sukuwa ranar salla. Amma akwai wani tsere da ake yi cikin tele ana zaune bisa tabarma, wanda aka gina shi kan saɓanin wannan magana. Wani magidanci na Bambeye, kudu maso yammacin Tawa, ya san wannan tsere sarai, domin ta hanyarsa ya san ɗansa na fari.

Mutumin ɗan cin rani ne, kamar mazan Adar da dama. Tun yana saurayi, da an kai damma rumbu sai ya kama hanyar Abijan, ba a sake ganinsa sai faɗuwar ruwan farko. An haifa masa ɗa a 1992. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin mota da na kaya suka hau, zuwa gida kowace damina ya fara yi masa nauyi. Daga 1997 ya kafa tebur a Ajame ya zauna, sai dai saƙo ta hannun matafiya: turmin atamfa, ƴan kuɗin hatsi, da gaisuwa a kaset. Yaron ya tashi a ɗakin kakarsa, ya san muryar ubansa, bai san fuskarsa ba.

Ranar 19 ga Satumba 2002 rikici ya ɓarke a Kodebuwa. Aka ƙone wasu unguwannin baraka na Abijan inda baƙi suke zaune, hanyar arewa ta toshe. Mutumin ya daure ƴan watanni, sannan a farkon 2003 ya biyo ta Gana ya komo gida. Jarinsa ya narke. Abin da ya fi daraja cikin jakarsa shi ne wani akwatin wasa mai launin toka, ƙirar PlayStation, da abin riƙon hannu biyu waɗanda yara ke kira manet, da faifai guda. Wani da yake bi bashi ne ya ba shi a madadin kuɗi, shi ma yana shirin gudu.

Wansa ya dubi akwatin ya girgiza kai. Ya ce: “Mutane na komowa da kwano da keke, kai ka komo muna da wasan ɗiya?”

Ya ce: “Yaya, a Ajame na ga masu ci da iyali da irin wannan.”

Lissafinsa na ɗan kasuwa ne. Ya tafi Tawa ya zuba sauran kuɗinsa a wata tsohuwar tele da ƙaramin gurup, tun da gidansu babu kuran. Ya share zaure, ya ce kowane tsere dala biyar. In aka cire kuɗin kwalbar ruwa-ruwa, abin da ya saura zai sayi cefane.

Faifan da ke cikin akwatin shi ne Crash Team Racing, wanda kamfanin Naughty Dog na Amurka ya fitar a 1999. Wasu dabbobin zane ne masu ban dariya, har da damisa da farar dabbar ƙanƙara, kowace bisa ƴar ƙaramar mota mara rufi, suna zagaya fili ta cikin kogo da ruwa da dusar ƙanƙara. In mutum biyu za su yi, sai fuskar tele ta rabu gida biyu, sama da ƙasa. Yaran unguwa suka cika zauren tun daren farko. Ɗansa kaɗai ne ya tsaya daga bakin ƙofa yana leƙe ta kan kafaɗun ƴan'uwansa.

Mai karatu ya san dalili. Ɗan fari ne, kuma a ƙasar Hausa akwai kunya tsakanin ɗan fari da mahaifansa. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Wannan al'ada ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne, kuma inda uba yake zaune a gida, zaman yau da gobe yana cike giɓin: a tafi gona tare, a komo tare, ko ba a ce uffan ba. Amma inda kunya ta haɗu da shekara shida ta rashin gani, sai ta zama katanga. Wata biyu da komowarsa, maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce “kai, kawo buta” ba.

Abin da ya fara huda katangar shi ne karatu. Wata rana rubutun da ke fitowa a tele ya rikice wa uban, ya rasa inda zai danna, ga yara sun biya suna jira. Bai yi lakwal ba. Ɗansa kuwa yana aji biyar, yana karanta faransanci. Ya ce: “Ku kira min yaron nan.” Yaron ya shigo ya durƙusa, ya karanta, ya gyara. Daga ranar shi ne mai kunnawa da kashewa. Wani dare bayan isha, yara sun watse, akwai sauran mai a gurup, uban ya ɗauki manet ɗaya yana juyawa. Bai ce komai ba, ya tura ɗayan gaban yaron da ƙafa.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a faɗi asalin irin wannan wasa, domin a asalin ne bayanin yake. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan, wanda ya fara da buga katin wasa tun 1889, ya fitar da wani wasan tsere mai suna F-Zero a 1990. Gudu ne kamar walƙiya, amma mutum ɗaya kaɗai ke iya yi. Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka so a sami tseren da mutum biyu za su yi lokaci guda. Na'urar zamanin ba ta da ƙarfin nuna dogayen hanyoyi da wannan gudu sau biyu a fuska ɗaya, don haka suka rage gudun, suka ƙanƙanta filin, suka cika shi da kwana. Motar da ta dace da irin wannan fili ita ce ƴar ƙarama mara rufi. Haka aka haifi Super Mario Kart a 1992, aka sayar da fiye da miliyan 8. A 1996 Mario Kart 64 ya ba mutum huɗu damar zama tare. Wato tun ran gini, an yi abin ne don kada mutum ya zauna shi kaɗai.

To amma in biyu suka zauna, ɗaya gwani ɗaya ɗan koyo, me zai hana ɗan koyo ya gaji ya tashi? Nan ne dabarar take. An watsa ƴan akwatuna bisa hanya, wanda ya taka ɗaya sai ya sami makami. Rabon ba na ƙuri'a zalla ba ne, na'urar tana duba matsayin mutum. Wanda yake gaba yakan sami ƙaramin abu da zai yar a bayansa, kamar ɓawon ayaba a Mario Kart ko akwatin nakiya a wasan Crash. Wanda yake can ƙarshe shi ake ba manyan makamai: agogon da ke rage gudun kowa ban da shi, ko wani dunƙulen haske mai bin hanya har sai ya cim ma na farko ya kifar da shi. Gwani dai shi ya fi yawan ci, amma ba ya samun sakin jiki, kuma na baya ba ya fid da rai sai an tsallake layi.

Uban ya sha kaye dare bayan dare. Hannun da ya saba da hauya da ɗaurin kaya bai san lallashin maɓalli ba. Motarsa takan daki bango, ta faɗa ruwa, ta juya baya. Wani dare, a zagaye na ƙarshe, yana can baya kamar kullum, ya taka akwati, wani abu mai shuɗi ya bayyana a gefen fuskarsa. Bai san mene ne ba. Yaron, wanda yake gaba da kowa, ya ɗaga ido ya gani. Ya san abin da yake, ya kuma san wanda zai sama. Ya ce a hankali: “Baba, danna wannan na dama.”

Ya danna. Dunƙulen ya bi hanya ya ɗaga motar yaron sama. Kafin ta daidaita sauran motoci sun wuce, ta uban a cikinsu. Bai zo na ɗaya ba, amma ya riga ɗansa shiga. Ya miƙe tsaye yana dariya, ya kira sunan yaron da ƙarfi, sunansa na yanka, ya ce: “Na wuce ka!”

Cikin gida aka yi tsit. Uwar yaron ta rufe baki da gefen zane. Sai tsohuwa ta ɗaga murya daga ɗakinta ta ce: “Wa ke kiran mijina da daren nan? Ashe dai ka san sunansa.” Uban ya koma ya zauna, kunya ta kama shi. Bai sake kiran sunan gaban mutane ba har yau. Amma daga wannan dare suna hira, a zaure da kan hanyar gona.

Ba za a ɓoye aibin abin ba. Mushen lakwal ya zo har gida ya ce yara suna gyangyaɗi a aji. Wata uwa ta kawo ƙara cewa ɗanta ya ɗauki kuɗin aike ya kai zaure. Malamin allo ya ce karatun dare ya ragu. Duk gaskiya suka faɗa. Mutumin ya auna, ya ga ribar da za ta haɗa shi faɗa da maƙwabta ba riba ba ce. Ya ce ba a kunnawa sai daren Asabar da ranar Lahadi, kuma yaron da iyayensa suka hana ba ya shiga ko da kuɗinsa. Ciniki ya ragu. Ɗansa ya ci satifika a 2004.

A wannan shekara ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka. A 2005 yunwa ta kama yankin Tawa, buhun hatsi ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa, rumbun gidan ya ƙare tun kafin shuka. An sayar da awaki. Uban yana ta kewaye-kewaye bai taɓa akwatin ba, don ya san na wane ne a zuci. Yaron ne ya same shi a zaure, ya durƙusa ya ce: “Baba, mu kai shi Tawa. Ƙannena ba su ci ba.” Shekara biyu kafin nan, da ba zai iya buɗe baki ya ba ubansa shawara ba, kuma da uban ba zai saurara ba. Tare suka tafi. Akwati da tele da gurup suka koma hatsi, aka ɗoro shi bisa mota, su biyu suna zaune a kai.

Yau yaron malamin makaranta ne a Tawa, yana da nasa ƴaƴan. Irin wannan wasa bai mutu ba: Mario Kart 8 Deluxe na 2017 ya wuce miliyan 60, an sabunta wasan Crash a 2019, kuma Mario Kart World ya fito a 2025. Abin da ya canja shi ne zama. Wasa ya koma cikin salula, kowane yaro da tasa fuskar, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Da tsohon ya zo Tawa ganin likita, ya tarar da jikokinsa uku a ɗaki ɗaya, kowa ya sunkuya, ba mai magana. Ya dube su ya ce wa ɗansa: “Kai, wannan ba irin namu ba ne. Ina manet na biyu?”

Tambayar ta wuce gidansu. Ɗan kasuwar da ke kwana a hanyar Ƙonni da ma'aikacin da aka yi wa canji zuwa wata jiha, duk sun san yadda ɗa ke girma a bayan idon ubansa, kuma da yawa suna sayo irin waɗannan na'urori don su biya bashin rashin zama. Na'ura ba ta biyan wannan bashi in an miƙa ta an juya. Wanda zai saya ya tambayi abu biyu: mutum nawa ke zama a kanta, kuma shi kansa zai zauna? Ya yarda ɗansa ya kayar da shi gaban mutane. Wasan ya tanadi rabon na baya, muddin bai ajiye manet ya tashi ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya komo da matafiya gida lafiya.