Yaron Jega da jitar sa a ƙasar fiyano

Lokacin kakar albasa ne, hanyar Jega zuwa Aliero ta cika da manyan motoci, kowace an lafta mata buhuna za ta yi Kudu. Shi kuma ya na bayan ɗan kabu-kabu, jita rataye a kafaɗa cikin wata tsohuwar jaka. Ɗan mashin ya zo kauce wa wata mota, tayar gaba ta shiga yashi, sai ga su a ƙasa. Da aka ɗaga shi, jitar ya fara tambaya. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Hannun sa na hagu ne ya karye daga tsintsiya, ga shi saura wata biyu ya kai waƙar fim situdiyo a Sakkwato.

Mai karatu, in ba ka taɓa riƙe jita ba, ka sani cewa tsirkiya shida gare ta. Hannun dama ke kaɗawa, na hagu ke danne tsirkiyoyin a wuyan ta don fitar da sauti. Karayar hagu ga mai jita kamar a ɗaure wa direba ƙafa ne a ce ya kai fasinja Yawuri.

Shekarar sa 24, mahaifin sa dillalin albasa ne. Jitar ma gadon ta ya yi daga wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a makarantar su, wanda ya bar masa ita ran da zai tafi. Tun daga ranar tsohon bai taɓa sakin fuska da ita ba. A wajen sa kiɗa roƙo ne, kuma babu maroƙi a dangin su. Da ƙyar ƙanen mahaifin ya sa baki aka yi yarjejeniya: yaro ya yi wannan waƙa ɗaya da wani furodusa ya ba shi, in ta kawo kuɗi ya ci gaba, in ba ta kawo ba ya sayar da jita ya kama lissafin buhuna.

Kuma fa ba a gida kaɗai ake masa kallon bare ba. Waƙar fim ɗin Hausa 'yar fiyano ce. Tun cikin shekarun 1990, lokacin da situdiyon Iyan-Tama a Kano ya shigo da fiyanon Yamaha, aka gano cewa mutum ɗaya zai iya fitar da ganga da sarewa da goge daga akwati guda. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ya yi, sai magana ta ƙare. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, amma tsarin na nan: a ɗora kiɗa ɗaya ya yi ta zagayawa tun daga farkon waƙa har ƙarshe, namiji ya yi baiti, mace ta yi baiti, a koma amshi. An samu waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, babu musu. Sai dai da yawan su in ka tsallake zuwa minti na biyar ba za ka iya bambance shi da minti na ɗaya ba. Jita kuwa, in aka cire irin su marigayi Bala Miller, Bahaushe ya fi jin ta a wajen Buzaye. Hatta Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitar sa ta farko da wayar birkin keke, da ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifan sa na farko, Anar, salon situdiyon Hausa ne ya rinjayi aikin.

Da yake an riga an kusa Aliero, wajen masu ɗori aka wuce da shi, sana'ar da garin ya yi suna da ita kamar yadda ya yi da albasa. Aka ja, aka gyara, aka ɗaure da karare. Daga nan aka tura shi jinya gidan kakar sa a Maiyama, don a raba shi da surutun abokai.

A can ne ya haɗu da tsohon. Makaɗin kalangu ne da ya ajiye sana'a, maƙwabcin kakar. Ƙasar Maiyama ba baƙuwar kiɗa ba ce, ita ta haifi marigayi Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi. Wata rana da yamma yaron ya kunna wa tsohon gwajin waƙar da ya ɗauka a waya kafin haɗarin. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Yaro, wagga waƙa ta wa ce? Taka ko ta mai waƙa?”

“Ta mai waƙa ce, Baba.”

“To mi as sa kaka gardama da shi tun daga hwarko har ƙarshe?”

Abin ya yi masa zafi, don ya sha wuya a kan kiɗan nan. Kamu bakwai ya zuba a ciki, har da masu wahalar da ake shimfiɗa yatsa ɗaya a danne tsirkiya shida, kuma ya na kaɗawa da ƙarfi ɗaya ko'ina. Tsohon bai san sunan ko ɗaya daga cikin su ba. Abin da ya sani shi ne yadda ake yi a gaban jagora: in ya na jefa magana, makaɗa su kan sassauta don a ji me ya ce; in 'yan amshi su ka karɓa, a saki hannu. Ya ce ya saurari Narambaɗa ko Ɗankwairo da kunnen basira, ya lura da inda kiɗa ke ja da baya. Ya ƙara da cewa Hausa da karin ta ta ke zuwa, kalma na hawa ta na sauka da kan ta, don haka in kiɗa ya cika canje-canje sai ya riƙa karo da maganar.

Da aka kwance ɗori, yatsu biyu kaɗai ke jin magana, manuni da na tsakiya. To a nan ne dole ta koya masa abin da girman kai ya hana shi gani. Akwai kamun da masu jita ke kira E maina, yatsu biyu ya ke buƙata. In ka sauko da yatsun nan biyu tsirkiya ɗaya ƙasa, ka samu kamu na biyu. Ya rera waƙar a kan su, sai ya ga ta zauna daram. Don sautin ya dace da muryar mawaƙiyar, ya matse wuyan jitar da fensir da roba, tunda babu inda zai samu ƙarfen da ake yin hakan da shi a kusa.

Sauran aikin duk ya koma hannun dama, kuma nan ne daɗin ya ke. Buɗewar waƙa ya bar ta tsirkiya ɗaya, ya na tsinkar karin amshi a hankali, yadda mai kallo zai riƙe shi kafin a fara rerawa. A amshi ya saki hannu, duk shida na amo, ya na bin tafiyar kalangu mai uku-uku, bugun farko da nauyi, biyun baya sama-sama. Baitin namiji ya ɗora gefen tafin sa a kan tsirkiyoyi kusa da gindi, sautin ya toshe ya koma kamar ganga daga nesa, manyan tsirkiyoyi kawai ya ke taɓawa. Baitin mace ya koma kan sirara uku, ya na tsinkar su ɗaya bayan ɗaya. A labarin fim ɗin, baiti na uku ne inda yarinyar ke faɗa wa saurayin an ba da ita ga wani. Nan ya cire hannu gaba ɗaya a layi biyun ƙarshe, murya ita kaɗai, sannan amshi ya faɗo da ƙarfi. Kullum da yamma ya kan gwada wa tsohon, shi kuma ya na buga cinya ya na cewa “rage” ko “ƙara”. Iyakar darasin ke nan.

A situdiyo aka kusa ɓatawa. Mai haɗa kiɗan, wanda gwani ne a aikin sa, ya ji shirun nan ya ce kuskure ne, zai cike shi da fiyano. Ya kuma kawo shawarar a ɗauki jitar na daƙiƙa kaɗan, kwamfuta ta riƙa maimaitawa, kowa ya huta. Furodusa ya duba agogo, don kuɗin situdiyo da man janareto na tafiya. Yaron ya ce, “Alhaji, ka ba ni sau ɗaya. In bai yi ba, ku yi yadda ku ke so.” Sai da aka yi sau huɗu, domin tsintsiyar na sagewa kafin a kai baiti na uku, ya na fita ya na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Mawaƙiyar ce ta raba gardamar. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin muryar ta fili haka ba, a bar shirun.

An bar shi, amma an yi ciniki: mai fiyano ya sa ganga da tafi a ƙarƙashin amshi, kuma gaskiya sun ƙara masa armashi. Da fim ɗin ya hau YouTube, mai tacewa ya datse buɗewar da baiti na farko, abin da ya hana yaron barci kwana biyu. Baiti na uku dai ya tsira, darakta ya ɗora shirun daidai kan fuskar jarumar.

Kuɗin da aka biya shi bai kai ribar buhu goma a kaka mai kyau ba. Ya kai wa mahaifin sa, tsohon ya ƙirga, ya mayar masa, ya ce gobe akwai lodi a Aliero, ya zo da wuri. Batun sayar da jita bai tayar ba, shi ma yaron bai tuna masa ba. A cikin kuɗin ya aika aka sayo masa sababbin tsirkiyoyi daga Kano, ya sayi goro da turmin yadi ya kai Maiyama. Ƙaramin yatsan har yanzu ba ya kai inda ya ke kaiwa a da, kuma in hunturu ya shigo, tsintsiyar na yi masa tsami. Furodusan ya sake kira, wannan karon waƙa biyu ya ke so.