Hayaƙin Turai da Farin Ƙasarmu

Duk wanda ya yi wayo kafin 1984 a ƙasar Katsina ko Maraɗi bai manta da farin shekarar ba. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta faɗuwa a burtali. Ina yaro a lokacin, kuma abin da na riƙa ji a dandali shi ne laifin namu ne: mun sare itatuwa, makiyaya sun cika daji da shanu har ƙasa ta yi sanƙo. Zancen yana da tushe a wajen masana, domin a 1975 Jule Charney na Amurka ya kawo bayani irin wannan, duniya ta karɓa. Na ga yadda maganar ta ɓata tsakanin unguwarmu da rugar bayan gari, mutanen da muke musayar hatsi da nono da su tun kaka da kakanni. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Daga baya bincike ya karkata zuwa teku. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafin ruwan tekuna ne ya fi juya damunar Sahel. Masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka sun yi shekaru suna tura hayaƙin farar wuta sama. Hayaƙin yana tare hasken rana, sai arewacin Tekun Atalantika ya rage ɗumi. Hadarin damuna kuwa ɓangaren da ya fi ɗumi yake bi, saboda haka ya ja baya zuwa kudu, ya bar mu. Teku ma tana da nata sauyin, amma hayaƙin nan yana da kasonsa.

Turawa sun rage shi ne don kansu, saboda ruwan sama mai guba da hayaƙin ke haddasawa yana kashe musu dazuzzuka da kifin tafkuna. Suka ƙulla yarjejeniya a Geneva a 1979, sannan a Helsinki a 1985 suka amince da rage kashi 30 cikin ɗari na hayaƙin. Ba don manomin Sahel aka zauna ba, amma daga shekarun 1990 damunarmu ta fara farfaɗowa.

Tun da na fahimci haka na daina saurin nuna maƙwabci da yatsa idan ruwa ya ɗauke. Sare itace ɓarna ce, kuma manoman Maraɗi da suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon itace a gonakinsu, sun ga amfaninsa. Sai dai a lokacin farin an ɗora wa Bafulatani nauyin da ba nasa ba ne.

Damunar da ta dawo ma ta sake hali. Hayaƙin yana danne wani kaso na ɗumamar duniya, da ya ragu zafi ya ƙara bayyana. Yanzu ruwa yakan zo da ƙarfi a ɗan lokaci, kamar a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya malale Maiduguri.